Ina tsoron likitan haƙori fiye da ciwon kansa, yaya zan yi?

"Assalamu alaikum likita. Ni matar aure ce, shekarata 34, ina da 'ya'ya uku. Mataunina na ƙasa ta gefen hagu ya yi kogo, yau kusan shekara biyu ke nan. In ya tashi sai in sa kanumfari in sha magani daga kemis har ya lafa. Na je asibiti har sau biyu, na yanki kati, amma da na ji ƙarar injin nan daga ciki sai gabana ya faɗi, na gudu gida. Ina 'yar shekara goma sha biyu aka taɓa cire mini haƙori, allurar ba ta kama ba, ina ihu aka danne ni aka cire. Haihuwa uku na yi ban ji tsoro irin wannan ba. Maigida yana cewa ragwanci ne. Gwaggona kuma ta ce cire haƙori yana taɓa ido. Yanzu ga 'yata mai shekara biyar ita ma ta fara kukan haƙori. Don Allah akwai maganin wannan tsoro, ko a sa ni barci kawai a cire?"

Wa'alaikumus salam Malama. Sannu da fama, Allah ya ba ki lafiya, ke da yarinyar. In na fahimce ki, abubuwa uku kike tambaya: me ya sa mace da ta jure naƙuda har sau uku take kasa zama a kujerar haƙori, ko akwai hanyar da za a bi tsoron ya ragu, sannan ko sa barci shi ne mafita. Batun ido da batun yarinya kuma za su shigo a hanya.

Ki fara da sauke wa kanki nauyin kalmar ragwanci. A ɗakin da nake aiki na ga sojoji, na ga mahauta da suke wuni cikin jini, na ga dattawa masu faɗa a ji a unguwa, suna zufa tun kafin in sa safar hannu. A Ingila an yi babban bincike kan lafiyar haƙoran manya a 2009, aka samu kashi 12 cikin ɗari suna da matsanancin tsoron aikin haƙori, wasu kashi 36 kuma suna da matsakaici. Wato kusan rabin mutanen ƙasar da ke da kayan aiki na zamani da wadataccen maganin kashe zafi. Muna ma da ma'auni na auna wannan tsoro, tambayoyi biyar ne kawai: yaya kike ji in an ce gobe za ki ga likitan haƙori, yaya kike ji a wurin jira, in za a gurza haƙori, in za a wanke shi, in za a yi allura a dasashi. Kowace amsa tana da maki daga 1 zuwa 5. Wanda ya tara 19 ko fiye cikin 25, muna ɗaukarsa mai tsoron da ke bukatar kulawa ta musamman. Daga bayaninki, na yi tsammanin kina kusa da can.

Inda tsoron ya samo asali

Kin ba da amsar da kanki a cikin tambayar. Aka danne ki aka cire. Yawancin masu irin tsoronki da nake zama da su, in na bar su suka yi magana, zafin ba shi ne abin da suka fi tunawa ba. Abin da ya zauna musu a rai shi ne sun ce akwai zafi aka ƙi yarda, sun ce a tsaya aka ƙi tsayawa. A ɗakin haihuwa kina iya magana, kina iya juyi, kina iya kiran sunan Allah da ƙarfi, kin kuma san abin da kike jira a ƙarshe. A kujerar haƙori kuwa kina kwance rigingine, fitila a idonki, baki a buɗe, hannun wani da ƙarafa a ciki, ba halin magana, ba kya ganin abin da ake yi. Jikin ɗan Adam yana fassara wannan yanayi da haɗari. Ƙwaƙwalwar yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta haɗa ƙarar inji da warin ɗakin da wannan azaba ta ajiye, kuma ba ta san cewa shekara ashirin da biyu sun wuce ba. Shi ya sa ƙarar kaɗai ta isa ta sa zuciyarki bugawa, tafin hannu ya jiƙe, ƙafa ta nemi ƙofa tun kafin ki yi tunani.

Akwai masu tsoron da ba a taɓa yi musu komai ba, gadonsa suka yi daga hirar tsakar gida, daga labarin wance da aka cire wa haƙori fuskarta ta kumbura. Wasu allura ce matsalarsu ko a hannu ko a baki. Wasu yunƙurin amai ne da zarar an taɓa bayan harshe. Akwai kuma kunya, wadda ba a cika faɗa ba: mutum ya san bakinsa ya lalace, yana wari, yana jin nauyin buɗe shi gaban wani, yana tsoron a yi masa faɗa. Ina tambaya tun farko wanne ne a ciki, domin maganinsu ya bambanta.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne shekara biyun nan. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin, Ulf Berggren, ya bayyana wannan zagaye tun 1984: tsoro ya hana zuwa, rashin zuwa ya sa haƙori ya ƙara ruɓewa, ruɓewa ta kawo kunya da ƙarin tsoro, har sai ciwo ya kai mutum asibiti dole, a lokacin da aikin ya fi kowane lokaci wuya. A nan akwai wani abu na kimiyya da ya kamata ki sani, domin ina jin shi ya faru da ke kina yarinya. Haƙorin da jijiyarsa take kan ganiyar kumburi, ko wanda ya tara mugunya a gindinsa, yana da wuyar kamuwa da allurar kashe zafi. Kumburi yana canza yanayin naman wurin yadda maganin ba ya ratsa jijiya sosai, jijiyar ita kanta kuma ta zama mai saurin jin zafi. Matauni na ƙasa su suka fi wannan taurin kai, saboda ƙashin muƙamuƙin ƙasa yana da kauri, dole a nemi babbar jijiyar can baya kusa da inda muƙamuƙi ya lanƙwasa, kuma ko a hannun gwani wani lokaci allurar farko takan kuskure. Ma'ana, mai jira sai ciwo ya hana shi barci kafin ya zo, shi ne ya fi shiga haɗarin haɗuwa da abin da yake gudu. Ranar da haƙorin ya lafa ita ce ranar zuwa asibiti.

Batun ido kuma, ki gaya wa Gwaggo cikin ladabi cewa jijiyar gani daban take, jijiyar haƙori daban, cire haƙori bisa ƙa'ida ba ya makantarwa. Na fahimci inda zancen ya fito. Haƙorin sama, musamman fiƙa, in ya ruɓe ya tara mugunya, kumburin yakan hau har ƙarƙashin ido ya rufe shi. Mutane suka ga haka suka ɗora wa cirewa laifi, alhali barin haƙorin ne ke yi wa ido barazana. Naki ma na ƙasa ne.

Yadda nake bi da mai irin tsoronki

Zuwan farko ba na taɓa inji. In ba gaggawa, magana kawai muke yi, mutum yana zaune a kujera irin ta kowa, ba a kwance ba. In ji labarinsa har ƙarshe ba tare da na katse shi da "ai ba komai" ba. Wannan kalma ta "ba komai" ba ta taɓa kwantar wa mai tsoro hankali, sai ma ta nuna masa ba a ji shi ba. Daga nan in nemi izini in duba da madubi kawai, a ɗauki hoton haƙorin, in nuna masa abin da na gani, mu tsara aiki tare. Ke ma kina da haƙƙin neman wannan. In kin yanki kati kin shiga, ki ce: "Likita, ni mai tsoro ce ƙwarai, an taɓa cire mini haƙori allura ba ta kama ba. Yau dubawa kawai nake so." In bakinki ba zai iya faɗa ba, ki rubuta a takarda ki miƙa. Likitan da ya yi miki dariya ko tsawa a kan wannan, ki nemi wani. Na san asibitocin gwamnati da cunkoso, likita ɗaya da layi har waje, amma minti biyar na sauraro ba su fi ƙarfin kowa ba.

Abu na biyu shi ne alamar tsayawa, kuma a ganina ya fi duk wata dabara amfani. Kafin a fara, ku yi yarjejeniya: in kin ɗaga hannun hagu, komai ya tsaya nan take. Nakan sa mutum ya gwada tun ina riƙe da madubi kawai, ya ɗaga, in janye hannuna gaba ɗaya, don ya gani da idonsa cewa alkawarin gaskiya ne. Abin da na lura shi ne wanda ya tabbatar yana da birki a hannunsa ba ya cika taka shi. Da wasu kuma muna yin ƙidaya: zan yi aiki in ƙirga zuwa biyar in tsaya, sai goma, sai ashirin.

Sai allurar. Maganin da aka fi amfani da shi, lidoken, an haɗa shi a Suwidin a 1943, kuma yana aiki ƙwarai in an ba shi haƙƙinsa. Ana fara busar da dasashi a shafa man kashe zafi a bar shi minti ɗaya zuwa biyu, yadda shigar allurar ba za ta wuce ɗan tsikari ba. Yawancin raɗaɗin da mutane ke ji daga tura ruwan da sauri ne, don haka a hankali ake turawa, kusan minti guda. Sannan a jira. Ga mataunin ƙasa, sai leɓen ƙasa da gefen harshe na wannan ɓangaren sun yi nauyi sun mutu. Ko bayan haka ina gwada dasashin da haƙorin kafin in fara. In kin ce kina ji, to kina ji. A ƙara, akwai wasu hanyoyin allura na taimako a gefen haƙorin. In duk da haka ya ƙi, babu laifi a dakata, a magance kumburin, a sake rana.

Abubuwa biyu nake gaya wa kowa tun kafin su faru, don kada su firgita shi. Na farko, a cikin allurar yawanci akwai ɗan sinadarin adirenalin da ke sa maganin ya daɗe a wurin, kuma yakan sa zuciya ta yi saurin bugawa, hannu ya ɗan yi rawa na 'yan mintuna. Wanda ba a gaya wa ba sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Na biyu, allurar tana kashe zafi amma ba ta kashe jin dannawa. Za ki ji ana turawa, ana girgizawa, wataƙila ki ji ƙara kamar ana fasa gyaɗa, domin ƙashi yana kai sauti kai tsaye zuwa kunne. Zafi shi ne abu mai tsini mai soka. In shi kika ji, ɗaga hannu.

A naki ɓangaren, ki nemi layin safe don kada ki wuni kina saƙa da warwara. Ki ci abinci kafin ki zo, sai dai in an ce za a ba ki maganin sa maye ko barci, wanda ke da nasa umarnin. Suma ita ce gaggawar da muka fi gani a kujerar haƙori, kuma tsoro da yunwa ne ke haɗuwa su kawo ta. Ki rage shayi mai kauri da kofi a ranar. Ki zo da wadda hankalinki ke kwanciya da ita, ba wadda za ta riƙa salati da ƙarfi tana ƙara miki firgici ba. Ki sa abin saurare a kunne, karatun Alƙur'ani ko abin da kike so, ya rufe ƙarar injin. Numfashi kuma ki fara koyonsa a gida tun yanzu: ki ja ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake a hankali kina ƙirga shida, cikinki na tashi yana sauka. Mata da yawa sun ce mini tasbihi a zuci suna bin yatsu shi ya fi riƙe su, kuma ina ƙarfafa musu gwiwa a kai. In ke mai suma ce da ganin allura ko jini, taki dabarar daban ce: ki ɗaure naman ƙafafu da cinyoyi da ƙarfi na daƙiƙa goma zuwa sha biyar, ki saki, ki maimaita, don jini kada ya sauka.

A sa ni barci kawai?

Na san wannan shi ne abin da zuciyarki ta fi so, kuma ban ga laifinki ba. Matakai ne. Mafi sauƙi ita ce iskar nan da ake shaƙa ta hanci, wadda ake kira iskar dariya, haɗe da iskar oksijin. Tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya fara gwada ta a kansa aka cire masa haƙori. Kina farke, kina ji ana magana, amma jiki ya saki, kuma cikin 'yan mintuna bayan an rufe ta take barin jiki. Akwai ƙwayar kwantar da hankali da likita ke rubutawa a sha kafin aiki. Akwai wanda ake sawa ta jijiyar hannu, kamar midazolam, wanda ke sa gyangyaɗi har mutum ya kasa tuna yawancin abin da aka yi. Wannan yana bukatar ƙwararre, da na'urar lura da numfashi, da mai rakiya zuwa gida. Sai cikakken barci irin na tiyata, wanda wurinsa asibiti ne mai likitan sa barci. A Ingila, bayan mace-macen da aka samu, an hana yin sa a ƙananan ɗakunan likitocin haƙori daga farkon 2002. Duk wanda ya ce zai sa ki barci a shago ko ɗan ƙaramin ɗaki ba kayan ceto, ki tashi ki fita. Kada kuma ki sayi ƙwayar barci ko tiramadol a kemis ki sha kafin ki zo. Likita zai yi miki aiki bai san abin da ke jininki ba.

Waɗannan hanyoyi ba ko'ina ake samunsu a wajenmu ba, sai ki tambaya a sashen haƙori na asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke kusa da ke, kuma da kuɗinsu. Ra'ayina shi ne, suna da amfani in aikin babba ne ko ciwo ya matsa, amma suna cire haƙori ne su bar tsoron a inda yake. Kin farka ba ki koyi komai ba, kuma kina da sauran haƙora da sauran shekaru. Abin da ke rage tsoron kansa shi ne ƙwaƙwalwa ta ga an zauna a kujerar an tashi lafiya, sau ɗaya, sau biyu, daga ƙaramin aiki zuwa babba: yau dubawa, gaba wankin haƙori, sannan allura da ciko ko cirewa. Masana halayyar ɗan Adam suna da tsarin zama na musamman a kan wannan, inda ake gyara tunani ana kusantar abin tsoron mataki-mataki. A wani bincike na Kwalejin King's da ke Landan da aka wallafa a 2015, kashi 79 cikin ɗari na masu matsanancin tsoro da suka bi wannan tsari sun karɓi aikin haƙori ba tare da maganin sa maye ba, bayan zama kusan biyar.

Nan iyakata take. Ban ga bakinki ba, don haka hoto ne zai nuna ko haƙorin na ciko ne, ko na wanke jijiya, ko na cirewa. In kina da juna biyu, hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko kina shan maganin tsinka jini, ki faɗa kafin a taɓa ki. Juna biyu ba ya hana aikin haƙori, watanni na huɗu zuwa shida sun fi dacewa. In kuma firgicin yana zuwa miki a wasu wuraren, ko kina mafarkin abin da ya faru, ko akwai wani abu mai nauyi da aka taɓa yi miki wanda kwanciya a gaban baƙo ke tayarwa, wannan ya wuce aikin likitan haƙori shi kaɗai, sai mun haɗa hannu da likitan ƙwaƙwalwa. Neman likita mace ma haƙƙinki ne in hakan zai fi miki.

Akwai halin da ba a jiran tsoro ya lafa. In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta yi wuya, murya ta canza, ko zazzaɓi ya haɗu da kumburin fuska, ki tafi sashen gaggawa a wannan sa'a, ko tsakar dare ne. Mugunya daga mataunin ƙasa tana iya bin ƙasan harshe ta toshe hanyar numfashi, kuma tana kisa. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na lokaci, maganin kemis yana danne kumburi, amma babu wanda ke cire ruɓar. In ciwo ya ɗauke gaba ɗaya bayan ya daɗe yana damunki, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, cutar kuma ta gangara gindin haƙori.

Yarinyar

Ki kai ta da wuri, tun ciwon bai kai na kwana ba barci ba, domin zuwanta na farko shi zai zauna mata. A daina yi mata barazana da "in ba ki yi shiru ba a kai ki a yi miki allura", a hana yayyenta ma. Kada a ba da labarin abin da aka yi miki a gabanta. Kada kuma a yi mata ƙaryar cewa yawo za a je; ki ce za a je likita ya ƙirga mata haƙora ya ga wanda ke ciwo. Da yara muna bin tsari mai hawa uku: in faɗa mata da kalmomin da za ta gane, in nuna mata a kan farcenta ko yatsana yadda abin ke juyawa yana fesa ruwa, sannan in yi a baki. Muna yabonta a kan kowane ƙaramin abu, ko buɗe baki ne kawai. Yara suna karanta fuskar uwa fiye da maganarta, don haka in kin san jikinki zai yi rawa a ɗakin, babanta ko wata 'yar'uwarki mai sanyin rai ta shiga da ita, ke ki jira a waje. Ki kuma gaya wa wanda zai shiga da ita cewa in ta ce akwai zafi, a tsaya a duba allurar, kada a yarda a danne ta.